Dokin Ƙofar Tashar Jirgi

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, kuma damina uku ke nan da ɗana ya aiko wa jikata jirgin ƙasa na wasa, mai tafiya da batir bisa dogo. Ta shaida wa ƙawayenta cewa kakanta zai gina mashi tasha. Ni kuwa magini ne ɗan magini a Wurno, ba ni barin ta ji kunya.

Na kwaɓa laka, na yi tubali kamar ƙwayar gujiya, na rufe da tsinken kara, har da indararo. Ranar da yaran sunka taru, jirgi ya taho da gudu, ya yi karo, ya kife. Ashe hannuna ya yi abin da ya gada: na aza dokin ƙofa bisa dogo, don kada ruwan sama ya shiga.

Idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Maigida, mi ka yi haka?"

Na ce, "Amarya, baƙo ba ya shiga gida babu sallama."

Sunka fashe da dariya har da ita. Na kankare dokin ƙofar da wuƙa, jirgi ya wuce. Kakarta da maƙwabcina manomin albasa suna wurin, kuma suna raye, ana iya tambayarsu.