Matar da Ta Nuna Min Leɓenta a Cikin Mota

Wata rana, shekara shida da suka wuce, na hau motar haya daga Ɗandume zuwa Funtuwa da jaririyata Rumasa'u a cinya.

Kwananta ashirin da uku a duniya.

Na lulluɓe ta har fuska, duk zafin da ake yi.

Da tsagaggen leɓe na haife ta, tsagar ta shige har ganɗa. In ta kama nono ba ta iya zuƙa, ɗan abin da ya shiga kuma ta hanci yake dawowa. Kullum ramewa take.

Ranar suna wata ta ce husufin wata na kalla ina da ciki. Wata ta ce aikin iska ne. Har na fara yarda laifina ne.

Wajen wani mai magani aka tura ni ranar da na hau motar nan.

Muna cikin tafiya Rumasa'u ta fara kuka, wani irin kuka marar ƙarfi. Matar da ke gefena, mai rungume da littattafan ɗalibai, ta leƙo. Na ƙara jan mayafi.

Ta ce, "Baiwar Allah, bar ta ta sha iska mana."

Na ce, "Ba na son mutane su tsorata ne."

Ta ce, "To dube ni da kyau. Kin tsorata?"

Ta ɗora yatsa a leɓenta na sama.

Wani siririn tabo ne, sai ka ƙura ido za ka gan shi.

Ashe haka aka haife ta ita ma. Aiki aka yi mata tana ƙarama, ga ta yau malamar makaranta.

A nan cikin motar ta nuna min yadda zan zaunar da yarinyar kanta a sama, in tatsa nono in riƙa ba ta da ƙaramin cokali a hankali. Da muka sauka na fasa zuwa wajen mai maganin, ita ta kai ni har bakin motar Zariya, ta rubuta min sashen da zan nema a asibiti.

Na isa ina zaton ni kaɗai ce.

Wallahi benci biyu na tarar cike da iyaye mata. Wani yaron leɓe ne kawai, wani ganɗa kawai, wani tsaga biyu. Likita ya ce ba husufi ba ne, ba iska ba ce, tun farkon ciki abin ke faruwa, kuma babu ƙasar da ba a haifar irin yaran nan.

Sai a lokacin na yi kuka.

Tana wata huɗu aka ɗinke leɓen. Da ta shekara aka gyara ganɗar.

Yau Rumasa'u tana aji ɗaya, surutunta har sai babanta ya ce ta bar shi ya ji labarai.

Matar nan ko sunanta ban tambaya ba. Allah Ya san ta, kuma ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba.

Darasi: Tsagewar leɓe ba laifin uwa ba ne, kuma ana gyarawa. Kada a ɓoye yaro a ɗaki, a kai shi asibiti da wuri. In ka taɓa fita daga wata jarrabawa, faɗa wa wanda ke cikinta yanzu.

Don Allah ku yaɗa. Akwai uwar da ke jiran jin wannan yau.