Ɗinkin Bama da na kwaikwayo

A shekarar da sojoji suka koma bariki, kasuwar hula ta buɗe. Duk wanda ya samu kujera, ko yake sa ran samu, sai ya ɗinka babbar riga ya nemi kube. A shekarar ce kuma yana ta fara rufe idon Baba. Likita ya ce ya zauna a gida. Shi kuwa ya ce ba zai bar rumfar da kakanmu ya kafa tun zuwansa daga Barno ba, sai ranar da na iya raba ɗinkin Bama da na kwaikwayo.

Da safe nakan riƙo hannunsa daga Ƙofar Ruwa har kasuwa. Ya zauna a kan buzu, in zube huluna a gabansa. Ya ce in juya ciki in duba ƙullin zare, na Bama ƙanana ne, a matse. Na haddace. Sai ga wata mai ƙananan ƙulli, ya shafa ta da babban yatsa ya tura gefe.

"Baba, ai ƙullinta ƙanana ne."

"Ƙanana ne. Amma ba ita ba ce."

"To me ya raba su?"

"Kai mai ido biyu kake tambayar makaho?"

Ya ƙara mini ƙa'idar nauyi, daga baya ta ƙyallin zare. Kowacce ta yi mini aiki na ɗan lokaci, sannan ta ba ni kunya.

Wata rana dillali ya kawo ƙunshi. Muna hirar sababbin 'yan majalisa da tsayin hulunansu, ina ta ware hulunan da ya kawo kashi biyu ban ma lura ba. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, bai sauya wa ko ɗaya wuri ba. Ya ɗago wata daga cikin na kwaikwayo.

"Wannan fa, yaya aka yi ka gane ta?"

Na juya ta, na duba ƙulli, na auna ta a tafin hannu. Duk abin da ya koya mini ya ce ta Bama ce.

"Ban sani ba, Baba. Hannuna ne bai yarda da ita ba."

Ya karɓe ta, ya mayar da ita cikin na kwaikwayo. Can ya ce, "Ni ma a nan mahaifina ya bar ni."

Washegari na tsaya a zaure ina jiransa. Ya leƙo babu takalmi, ya ce in tafi, rana tana yi. Bai sake taka kasuwa ba, bai kuma ga daminar gaba ba, Allah ya ji ƙansa. Da da hali da na ɗan jinkirta iyawa, ko mun ƙara wasu watanni a rumfa tare. Amma hannun bai shawarce ni ba.