Hannun Baba a Kan Bafil

Shekarun baya, lokacin da nake zaune Matameye ban san Damagaram ba sai a bakin direbobin tasha, ina da wani aboki mai kaɗa gitar bas. Ni kuwa ko tafi na yi sai ya saɓa da na mutane, amma ba a taɓa yin wasa babu ni ba. Aikina ɗaukar waya da gyaɗa kai, kuma na riƙe shi da gaskiya.

Wanda bai san bas ba, ita ce gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda mai ita ke tsayawa can baya. Mawaƙi ake kallo, mai ganga ake yi wa guɗa, shi kuwa sai ya daina kaɗawa ne ake jin kiɗan ya zama miya ba gishiri.

Abokina ɗan fari ne, saboda haka mahaifinsa ba ya kiran sunansa, ba ya kallonsa ido da ido, balle ya yabe shi. In yana da magana, ni yake ba saƙo: “Ka gaya wa wancan.” Ga shi kuma Baba, kamar yadda nake kiran mahaifin nasa, ya yi rayuwarsa a ɗakin injin niƙa, har ƙarar ta cinye masa kunne. Sai ka matsa kusa da na hagu ka ɗaga murya kafin ya ji rabin zancenka. Amma hannunsa bai kurumce ba. Tafinsa kawai yake ɗora wa inji ya gane ko lafiya yake ko yana tsallake bugu.

Wata shekara bayan girbi aka gayyaci su abokina su je Damagaram su yi rani suna wasa a wani wuri. Irin damar da ba ta zuwa sau biyu. Baba kuwa ya riga ya yanke cewa Kano ɗan nasa zai tafi cin rani kamar kowace shekara. Abokina ya ce ba zai taka mota ba sai da albarkar mahaifinsa, abokan kiɗansa kuma suka ce in bai samu ba, dole su nemi wani. Kamar kullum, ni aka tura.

Na durƙusa na kwarara bayani a kunnen hagu, har maƙwabta suka ji sirrin da aka ce in riƙe. Baba ya bari na gama, sannan ya ce, “Na taɓa hango su a bikin gidan liman. Mai waƙa na buɗe baki, mai ganga na zufa. Wancan yana tsaye a baya kamar mai gadi, yana shafa itace. Me yake yi musu? Don kunya suke tafiya da shi. Ba zan bar shi ya je birni ya zama kaya ba.”

A nan na gane ba kiɗan yake ƙi ba. Tsoro yake kada a wulaƙanta masa ɗa. Da na kai saƙon, abokina bai yi fushi ba, sai ya ce, “Bai taɓa ji na ba fa. Ko sau ɗaya.” Wallahi har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar sai zuciyata ta karye.

A makon ne ake bikin ƙanwata, su ne kuma za su yi wasa da la'asar a ƙofar gidanmu. Na ba mahaifiyata labari tana tankaɗen gari. Ta ce, “To a kawo shi ya gani mana.” Na ce, “Inna, uba ya zo kallon ɗan fari? Ko an ɗaure shi ba zai zo ba.” Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce, “Wa ya ce kallo zai zo? Ba da gurup, injin wutar nan, za ku yi wasan ba? Ka ce ni na roƙe shi ya zo ya duba mana shi, kada wuta ta ɗauke a bikin ɗiyata.”

Gurup ɗin nan lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya ma. Amma Baba ba ya ƙin inji, ba ya kuma ƙin roƙon maƙwabciya. Ana cikin wasa sai ga shi ta bayan taro da ɗan tsummansa a kafaɗa. Ya ɗora wa gurup hannu, ya gyaɗa kai, ya juya zai tafi. Hanyar fita kuwa ta gefen bafil take, wato babban akwatin da sautin bas ke fitowa, don ni na ajiye shi a nan bisa umarnin Inna. Wurin ya matse da mata, sai ya dafa akwatin don ya wuce.

Bai wuce ba. Ya tsaya, ya gyara tafin hannunsa ya shimfiɗa shi sosai, yadda yake yi wa inji. Na ga ya runtse ido. Can ya yafito ni ya ce, “Wannan bugun da ke tafiya a ƙarƙashi, wa ke yin sa?” Na nuna da haɓa. Bai waiwaya ba. Abokina ma da ya hango shi sai ya sunkuyar da kai kan tsirkiyarsa, zufa na ɗiga, bai sake ɗagowa ba. Haka suka yi har waƙar ta ƙare, uba na kallon ƙasa, ɗa na kallon ƙasa, ni kuma a tsakiya ina share ido ina cewa hayaƙin gurup ne.

Da aka tsaya, Baba ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “Ashe shi ke ɗauke da su.” Ya yi taku kaɗan ya dawo. “Ka gaya wa wancan, injin da ba ya tsallake bugu ba a barin sa a ɗaki ya yi tsatsa. Ya tafi, Allah Ya yi albarka. Amma ya dawo kafin shuka.”

Abokina ya tafi, kuma kowace damina yana dawowa, har shekarar da Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Abin da na koya shi ne, wani ba ƙin ka yake ba, hanyar da zai ji ka ce ba a samo ba tukuna.

Kwanan baya na je Damagaram kallon wasansu, kiɗan ya yi daɗi har na manta na yi tafi a inda bai dace ba. Sun sayi kaya sababbi, amma tsohon bafil ɗin nan yana gefen abokina, duk ya kwaile. Na ce masa, “Kai, ba za ka rabu da wannan akwati ba?” Ya shafa samansa ya ce, “A nan kaɗai ya taɓa ji na.”