Shekarar da Na Ba Aguwa Ruwa

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Wanda bai ga shekaran nan ba, Allah kar ya nuna mashi irinta. Kowa labarin yunwarta yake badawa, ni kuwa abin da ya tsaya mani a rai har yau danga ce.

Gidanmu nan Maraɗi ɗakunan ƙasa ne, dangar kara ta kewaye su. Kowace kaka maigidana yakan sayo sabon kara a gyara. To a wannan shekara ina karan? Ɗan abin da gonaki suka yi masu dabbobi sun kwashe. Awakin unguwa suka bi dangar suna zara, mu ma in itace ya yanke sai mu zari namu mu hura wuta. Kafin sanyi ya wuce bayan ɗakina ya zama fili. Wanda ya biyo ta lungu yana ganin tuluna, yana ganin murhuna, in an ɗora tukunya ya sani, in ba a ɗora ba ya sani. Maigidan kuma ya tafi cin rani, ba ranar dawowa.

Ana cikin haka ɗiyata ta fari, da ke aure Jiratawa, cikinta ya fito. Haihuwar fari gidan uwa ake yin ta. Uwa ke dafa ruwa, ta kai mai jego bayan ɗaki ta yi mata wanka safe da yamma har ta yi arba'in.

Wata ranar kasuwa uwar mijinta ta biyo gaisuwa. Mace ce mai kirki, sai dai bakinta ba linzami. Ta leƙa bayan ɗaki, ta dubi lungu, wani mai jaki ya gaishe ta daga can, ta amsa.

Ta ce, "'Yar'uwa, nan za a yi wankan?"

Na ce nan ne.

Ta ce, "Ai gara bakin tasha, can ko rumfa akwai. Ki bar mana ita. Muna da katanga, muna da rijiya. Ba abin kunya ba ne, shekara ce ta zo haka."

Na ce, "Ai taku ce. Ko'ina ta haihu ɗaya ne."

Haka bakina ya faɗa, don haka ya kamata ya faɗa. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin 'yar fari ba. Tun da na haife ta ban kira sunanta ba, ban yi mata wasa gaban mutane ba, ana yaye ta kakarta ta ɗauke. In ta faɗi ta fasa gwiwa, sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga ta. Wankan jegon nan shi kaɗai ne lokacin da uwa za ta sa hannu jikin 'yar farinta ba wanda zai ce mata marar kunya. Shi nake jira tun tana goye. Ga shi zai wuce ni saboda kara.

Na rasa dabara. Ginin katanga sai da ruwan kwaɓa ƙasa. Ƙaya kuwa ba a taɓawa, don masu gandun daji na lokacin in suka gan ka da ɗanyen reshe sai ka kwana hannu. Sai na taka har Tsibiri wurin yayata, wadda ta yi aure cikin manoma. Na ce mata abin shinge nake nema, ban gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Cewa kawai ta yi, "Aguwa. Akuya ba ta ci, kuma ba mai kama ki don kin sare ta." Ta kai ni bakin burtali inda shanu ke bi, muka sassaro rassa masu kai mani ƙirji, aka ɗora mani a amalanke.

Ina cikin kafawa maƙwabciyata mai awakin ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Inna lillahi! Wa ya mutu? Na ga kina kewaye makabarta."

Na ce, "Awakinki za a binne."

Ni haifaffiyar birni ce, ban taɓa shuka ko kuɓewa ba. Abu ɗaya na sani, abin da aka dasa ruwa yake so. Ruwa kuwa lokacin sai an yi sammako an bi layin famfo, rana ta take kafin tulunka ya cika. Sai na raba nawa biyu. Na daina wanki, na rage na girki, kullum in bi gindin aguwa da ƙwarya ina tsiyaya mata kamar mai ba marar lafiya kunu. Har magana nake yi mata.

Ba a jima ba gindinta ya yi baƙi, ya yi laushi. Na taɓa ɗaya, ta kwanta. Iska ta taso da la'asar, sauran suka bi ta. Na tsaya ina kallon ruwan da na hana cikina ya zama ruɓa.

Na koma Tsibiri. Yayata ta ce ƙila gara ce. Na ce ba gara ba ce, kuma ba ƙishi ba ne, don ban taɓa barin ta kwana ba ruwa ba.

Ta aje taɓarya. "Ruwa? Ruwa kika ba aguwa?"

Ta yi dariya har ta zauna kan turmi, cikin shekarar da dariya ta yi tsada. "'Yar birni! Wa kika gani da tulu a burtali? Ki sare ta, ki jingine a inuwa bakin ya bushe, ki kafa cikin busasshen rairayi, ki juya mata baya. Shi ke nan aikinki."

Na ce a raina, in dai juya baya ne, ai na iya.

Na sake sarowa. Wannan karon layi biyu na yi, kowane reshe na baya ya toshe kafar na gaba. Nonon aguwa ya sale mani hannu, ya fantsa mani a ido na kwana da kumburi. Amma duk bai kai wuyar in wuce ta da tulu a ka, in ga ta tsaya furu-furu cikin rana, in hana kaina ba. Sai da bazara ta yi nisa, iska ta fara ɗauko ƙanshin ruwa daga kudu, na fito wata safiya na ga 'yan ganye sun tsattsafo a kawunan rassan.

Ban aika Jiratawa ba, ba ni da bakin aikawa. Uwar mijin da kanta ta sake biyowa. Ta dubi shingen, ta ce, "Ɗauko ƙwarya ki tsuguna inda za a yi wankan." Ta fita ta zagaya lungu. Ni da girmana na tsuguna kan dutse ina jin takunta.

Ta ɗaga murya, "Ina ganin ɗankwalinki!"

Na ce, "Mai jego da ɗankwali take wanka a garinku?"

Na ji ta tuntsire da dariya. Da ta shigo ta kama hannuna ta juya shi, ta ga inda ya sale. Sai da za ta tafi ta ce, "Itacen dafa ruwa ni zan aiko, kar ki ce a'a."

Aka kawo yarinyar ran wata Juma'a. Ina tankaɗe ta yi sallama, ban ɗaga kai ba, na ce ta shiga da kayan ɗaki. Ta sauka lafiya bayan ruwan shuka, namiji.

Safiyar wankan farko na kai ta bayan ɗaki, na tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa na fyaɗa mata. Ta ce, "Wayyo, zafi!" Na ce ta yi haƙuri. Mutane na wucewa ta lungu, muna jin hirarsu, su ba su san muna nan ba. Na wanke mata baya, ruwan ya ƙare, hannuna bai tashi ba. Ita ma ba ta motsa ba.

Yanzu ina ganin jikokina suna rungume 'ya'yansu na fari tsakiyar titi, suna kiran suna da ƙarfi. Wasu tsofaffi na tsaki, ni ba na yi. Mu an koya mana so a ɓoye, kuma na ga yadda ɗan abu kamar kara ya kusa raba ni da ɗan rabon da aka bar mani. Ɗiyar tawa yau ita ma kaka ce, kanta ya yi fari kamar nawa. Har gobe ban kira sunanta ba. Amma in ta zo gaishe ni, ba ta zama kan tabarma gabana kamar sauran. Gefena take zama, ta ɗan ba ni baya, daidai inda hannuna zai kai.