Motar da Na Zaɓa, Yaya Ya Tuƙa

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bakin tafki, kusa da Wara, mu uku: Baba, da yayana, da ni. Ko koko Inna ba ta gama damawa ba muka fita, sai ƙosai ta ƙulla mana a leda. Neman mota ne ya fitar da mu. Baba fataucin kifi yake yi. Yana saye a hannun masunta, a yi banda, a kai kasuwar Yauri. Shekara da shekaru motar haya yake jira, ran da direba ya ga dama ya zo, ran da bai ga dama ba kifi ya kwana ya sauya wari. Bana ya gaji. Ya sayar da babban jirginsa mai inji, wanda da shi ya ciyar da mu ya kuma sa ni makaranta, ya ce akori-kura zai saya, ta hannu, mai shan gas, wato dizal. Kowa a gidan ya san in motar nan ta zama gawa, babu wani jirgin da za a sake sayarwa.

Tun da na dawo hutu ba ni da wani karatu sai na injin gas. Na karanta abin da na samu a waya, na kalli makanikai suna kwance inji suna ɗaurawa, na yi ta zama a garejin wani makanike a Wara ina kallo ban taɓa ce masa uffan ba. Matsalata ke nan. In manya suka juyo suka dube ni, harshena sai ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Yaya kuwa direba ne, ya ja motocin mutane, kuma ko da kurma ya haɗu sai sun yi hira.

Tun a tasha aka fara. Direban motar da muka shiga abokin Yaya ne, saboda haka shi da Baba suka samu gaba, ni aka cusa ni baya kusa da kwandon kaji. Damina ta zo ƙarshe, an yanke gero an jera dammuna a gonaki, amma ruwa ya gama cinye hanya. Wani ramin sai direba ya tsaya ya yi shawara da kansa kafin ya faɗa. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kowa na ƙorafi, direba na cewa a je a tambayi gidan mai. Daga baya ina jiyo dariyar Baba, Yaya na ba shi labari.

Da hantsi muka shiga Yelwa, babban garin Yauri. Wani dillali ya kai mu inda mota ta farko take, fara tas, an wanke ta har tayoyinta na sheƙi. Baba ya zagaya ta yadda yake duba jirgi: ya ƙwanƙwasa gefenta ya saurara, ya leƙa akorin baya yana neman huda. Ni kuwa na ɗora tafin hannuna a kan bonet. Da ɗumi. Ai injin gas da sanyinsa ake gane shi, wanda ya gaji ba ya son tashi da safe, shi ya sa mai wayo yake ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Na dubi Baba, na dubi dillali, maganar ta maƙale. Sai na matsa na raɗa wa Yaya a kunne.

Yaya ya gyara tsayuwa. “Malam, wa ya tayar da motar nan kafin mu zo? Ko ita ma sallar asuba take fita?”

Aka yi dariya, dillali ya hau kame-kame. Na sake raɗa masa cewa a tayar da ita, a kwance murfin baƙin mai a ɗora shi a bakinsa ba tare da an ɗaure ba. Yaya ya ba da umarni kamar a kansa aka ƙera inji. Murfin nan ya hau rawa, hayaƙi na bulbulowa ta ƙarƙashinsa, salansa kuma na fitar da shuɗi. Injin ya gama yawo.

Baba ya dafa kafaɗar Yaya, ya ce, “Kai, wanga yaro ya san mota!”

Ina tsaye a gefe, baƙin mai a yatsuna.

A kasuwar bakin ruwa muka ci abinci, inda jirage ke sauke albasa daga tsibirai, ƙamshinta ya cika wurin. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, da tarwaɗa guda a tsakiyar kwano. Baba ya cire kan kifin ya tura gaban Yaya. Wanda bai tashi a gidan masu kifi ba ba zai gane ba, amma a gidanmu kan kifi lambar yabo ce. Ni wutsiya ta zo gabana. A gidan Gwaggo da muka sauka ma, Baba ya maimaita labarin murfi mai rawa, ya ƙara masa gishiri, sunana bai fito ko a ƙarshen zance ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, “Shi kuma wanga har yanzu ba ya magana?”

Washegari muka yi sammako zuwa Shanga, inda aka ce akwai wata motar sayarwa, na kuma roƙi Yaya kada a gaya wa mai motar lokacin zuwanmu. Hanyar ta fi tamu dama. Fadamun shinkafa sun yi kore shar har bakin kogi, mata na tafe da ƙoren fura. Mai motar manomi ne, dattijo marar yawan magana, ya fito yana riƙe da buta. Motarsa na ƙarƙashin mangwaro, kaji sun kwana a kanta. Fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa ga launinta, ƙofar hagu ta lotsa, ƙaiƙayin shinkafa ya cika kowane lungu. Na taɓa bonet, sanyi ƙalau, har da raɓa. Aka murɗa makulli sau ɗaya ta kama, ta yi tari kaɗan, hayaƙin ya washe. Murfin mai ya zauna daram. Na shiga ƙarƙashinta na duba dogayen ƙarafan nan biyu da duk jikin mota ke zaune a kansu, busassu ne, babu walda, babu tsatsa mai cin rai. Sifirin ɗin baya ne kawai ya kwanta don ɗaukar buhuna, wannan kuwa gyaran yini ɗaya ne.

Duk na zuba wa Yaya a kunne, shi kuma ya zuba wa jama’a da ƙarfi. Har manomin ya ce wa Baba, “Allah ya ba ka ɗa.” Ɗa guda ya ce, alhali mu biyu ne a gabansa.

Amma Baba bai so ta ba. Ya ce yaya zai sayar da jirgin da duk bakin tafki aka sani, ya koma gida da abin da ya yi kama da akurkin kaji? Ya ce akwai wata a wurin wani tsohon abokinsa, farken kifi kamarsa, a wata mashayar jirage da ke kan hanyarmu ta komawa, a ƙasar Ngaski. A ranar muka juya.

A hanya na yanke shawara. Na ce a raina, tunda Yaya ne ya san mota, to ya sani shi kaɗai.

Da la’asar muka isa. Motar abokin Baba ja ce, kyakkyawa, kujerunta ba yaga ko ɗaya. Injinta ma lafiya lau, ban ga abin kushewa ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo soyayyen kifi karfasa da yaji, Baba da abokinsa suka shiga tuna zamanin da suke tuƙa kwalekwale tare. Ni na koma gefe ina kallon ruwa. Nan na ga yadda ake lodi a mashayar: mota takan yi baya-baya ta shiga tafki har ruwa ya shanye tayoyinta na baya, jirgi ya matso, a juye kwanduna kai tsaye, ba sai an biya ’yan dako ba. Na zagaya bayan jar motar kamar mai neman inuwa, na durƙusa. An shafe ƙarƙashinta da baƙin fenti sabo. Na danna ƙarfen da babban yatsa, sai ya ɓare kamar ɓawon rogo. A wani lungu har da busasshen dodon koɗi a maƙale.

Yaya ya biyo ni, ya sassauta murya. “Malam Shiru, mi ka gani?”

Na ce, “Ba komai.”

“Ka tabbata?”

“Ai kai ka san mota.”

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya koma ya ce wa Baba inji kam babu laifi. Gaskiya ya faɗa, abin da ya sani ke nan. Ina zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, wani abu mai ɗaci yana yi mini daɗi a ƙirji. Har na hango ranar da motar za ta karye da lodi a tsakiyar hanya, kowa ya juyo ya dubi Yaya. Sai dai da na ƙara hangawa, ba Yaya na gani a bakin hanyar ba. Baba na gani, tsaye a kan kifinsa da ya zube, babu mota, babu jirgi.

Kafin nan ciniki ya faɗa. Abokin Baba ya ce ya sallama, Baba ya miƙa hannu. Yaya na can nesa da ni, babu kunnen da zan raɗa wa.

“Baba!”

Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Duk wanda ke kan tabarmar ya juyo, har da masu gyaran komar kamun kifi. Na ce, “Ƙarƙashinta ya ruɓe. Ruwa ya cinye ƙarfen. Fenti aka shafa.” Iyakar abin da ya fito ke nan, babu sallama, babu neman afuwa, kamar an jefa dutse a rijiya.

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya tattare babbar rigarsa, ya kwanta a kan yashi a gaban mutane, ya shiga ƙarƙashin motar. Muka ji ya ƙwanƙwasa sau biyu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauraren katako ba ya bukatar a fassara masa wannan amon. Ya fito da tsatsa a gemu.

Abokin nasa ya rantse bai yi don cuta ba, ya ce kowa a nan haka yake lodi, fentin ma don ya kare ta ya sa aka shafa. Na yarda da shi. Amma fuskarsa ta ɓaci, ta Baba ma haka. Yaya ne ya ceci zaman. Ya ce, “Baffa, ai motarka ta fi mu tsafta, kullum sai ta yi wanka!” Aka fashe da dariya, aka rabu da mutunci. Da muka bar wurin, Baba ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, “Ba haka ake yi wa abokin uba magana cikin mutane ba. Ka ga yadda yayanka ya gyara?”

Wato ko ranar da na buɗe baki, shi ya ci.

Muka sake kwana a gidan Gwaggo, washegari Shanga muka koma, aka sayi akurkin kajin. Manomin ya ƙara mana da buhun ƙaiƙayi a kujera, kyauta, don har yau ba a gama kakkaɓe shi ba. Aka miƙa wa Yaya makulli, Baba ya zauna kusa da shi, ni na hau akorin baya tare da tayar safaya da kwandon albasar da aka saya wa Inna. Ta gilashin baya ina ganin hannun Yaya a kan sitiyari, yana yi wa duk wanda ya sani hon. Rana na dukana, ina jin kamar in cire takalmi in jefi ƙeyarsa.

Mun wuce Yauri, mun shiga ramukan hanyarmu, sai wata ƙara ta taso daga baya, ƙwas-ƙwas, duk sa’ad da muka faɗa rami. Na ga Yaya ya buɗe baki zai yi bayani, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya sauke gilashi, ya leƙo da kansa waje, hularsa a hannu don iska, ya ɗaga murya.

“Kai! Wagga ƙara ta mi ce?”

Na waiwaya, babu kowa a akorin sai ni da albasa. Na kama ƙarfe na miƙe, na ce da iyakar ƙarfina, “Sifirin ne, Baba! Ba inji ba ne!”

Ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa, ya ɗage gilashi. Bai tambayi kowa ba bayan nan.

Gab da magariba muka shiga gida. Yara suka biyo mu da gudu suna ihun motar Yaya ta zo, kuma sunan da ya bi ta ke nan har yau. Inna ta zagaya ta, ta ce in dai tana kai kifi, muninta nata ne.

Ga mai niyyar sayen irin wannan mota, ga abin da na tsinta a tafiyar: ka je mata da sassafe ba tare da sanarwa ba, ka taɓa ta kafin a tayar, kada sheƙi ya ɗauke maka ido, in kuma a bakin ruwa ta yi aiki, ka kwanta ka duba cikinta. Abin da na tsinta wa kaina kuwa, maganar da ka raɗa ta zama ta mai kunnen. Kishin bai sake ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Jibi zan koma makaranta, Yaya ne zai kai ni tasha, kuma na san zai yi ta hon. Amma jiya da aka zuba miya, Baba ya raba kan kifin biyu.