Takardar Soja da Muka Tura Don Addu'a

Ban iya karatun boko ba sai da na aurar da 'yata ta biyu. An buɗe ajin manya a firamaren garinmu, bayan la'asar muna zama a kan bencin da jikokinmu suka ɗumama da safe. Mutane sun yi dariya har suka gaji. Ni dai dalilina ɗaya ne: ɗana ya shiga soja, na kuma gaji da miƙa wa wani wayata ya karanta min abin da ɗan cikina ya rubuto. Da sannu na iya karanta Hausa tiryan-tiryan. Turanci kuwa na san lambobi da ranakun mako, sunan gari kuma ai sunan gari ne ko da wane yare aka rubuta shi.

Haka na zama mai karanta wa matan unguwa. Muna da guruf a waya na matan Islamiyyarmu, yawancinmu murya muke turawa. In rubutu ya shigo sai a ce, a kai wa 'yar boko.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na taubashiyata, 'yar kawuna. Tun muna yara ba ta da suna a bakina sai "baiwata", ni ma haka nake a nata. Ɗanta ya riga nawa shiga soja. Shekarar da ya daina kira ta yi ta zarya zuwa Kano, ana ce mata yana bakin aiki, babu sabis a inda suke. Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru. Sai wata rana hoton wata takarda ya faɗo cikin wayoyin mutane, jerin sunayen waɗanda suka rasu a wani hari. Wani na cikin soja ne ya ɗauka ya fitar. Ni na karanta mata sunan ɗanta. Sai da takardar ta zagaya gari kafin a turo masu kaki su yi mata gaisuwa, sannan matarsa ta san matsayinta. Ranar na faɗa a gaban mutane cewa duk wanda ya fitar da takardar nan Allah ya yi masa albarka. Har yau ban janye ba.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a wata daminar bayan wannan, ranar Litinin, washegarin ruwan shuka. Muna gona, maza na gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna zuba gero muna takewa da diddige. Sai ga taubashiyata ta tsallako daga gonarsu tana ɗaga waya.

"Baiwata, ajiye ƙwaryar nan ki karanta mana. Lada ya biyo mu har gona."

"Ke da in kin hango lada sai ki canza hanya? Kawo in gani."

Hoton takarda ne da jan hatimi a samanta. A ƙasa wani ya rubuta da Hausa cewa 'ya'yanmu za su shiga daji, a taya su da addu'a, a tura wa 'yan uwa, kar ta tsaya a wayarka. Na karanta mata wannan, ta ce amin. Sai na buɗa hoton da yatsu biyu na hau Turancin da 'yar dabarata. Abin da na fara gani shi ne lambar rundunar ɗana, wadda na haddace kamar Ƙulhuwallahu. Sai sunayen garuruwa a jere, wannan bayan wancan, yadda mota za ta bi su. Sai Alhamis. Har da ƙarfen da za a tashi.

Ban san lokacin da ƙwaryar ta kife ba.

"Wa da wa kika tura wa?"

"Kowa mana. Guruf ɗin Islamiyya, surukata ta Kunci, har direban da ke kai mu kasuwar Tsanyawa na ce ya watsa. Yawan baki, yawan amin. Lafiya kike zare min ido?"

"Ɗana ne a ciki. Ga hanyarsu, ga ranarsu. Kina zaton mutanen dajin nan ba su da waya?"

Fuskarta ta canza. Ba wasan taubasai a abin da ta faɗa.

"Yau kuma? Ba irin takardar nan ce ta gaya min gaskiya ba lokacin da kowa ke min ƙarya? Da bakinki kika sa wa mai ita albarka. Ko don wancan karon ɗana ne, wannan karon naki?"

Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta. Na sunkuya zan kwashe geron da ya zube, na tarar kurciyoyi har sun sauka a gefensa. Na kore su. Ina tsugune na ce mata, "Me ya sa muke take iri in mun zuba?"

"Ke kin sani, 'yar boko."

"Faɗa min dai."

"Don kar tsuntsu ya tsince."

"To. Naki abin da ya riga ya faru ne aka ɓoye miki, don a huta da bakinki. Wannan zalunci ne, wanda ya tona ya kyauta. Amma wannan bai faru ba tukuna. Iri ne a rami, da ransa. Mun tone shi mun ce tsuntsaye su zo su taya mu amin."

Ta karɓi wayarta ta juya.

Ban koma shuka ba. Da ƙasar gona a ƙafata na wuce wurin wani tsohon soja da ke facin keke a bakin kasuwa, duk gari Kofur muke ce masa. Na miƙa masa wayata, don hoton ya riga ya shigo min ta guruf, ya nisanta ta daga idonsa ya daɗe yana duban jan hatimin.

"Hajiya, wannan ko matar kwamanda bai kamata ta gani ba. Daga ina?"

"Daga masu neman lada. Baba Kofur, kai ka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Wayar yaron ba ta shiga."

Ya goge hannu ya kira wani, wanin ya ba shi lambar wani. Ina tsaye har aka samu wanda ya ce a turo hoton a kuma daina yaɗawa. Iyakar abin da aka ce ke nan. Ba wanda ya ce min kwantar da hankalinki.

A nan inuwar rumfarsa na danna waya na yi wa matan guruf magana. Ban zaɓi kalma ba. Na ce duk wadda takardar nan ke wayarta ta goge, duk wadda ta sake turawa kuma ta sani hanya ta nuna wa masu kisa, ko da carbi a hannunta. Kafin magariba amsoshi sun cika wayar. Wata ta ce boko ya hau min kai har ina hana addu'a. Wata ta ce ai gwamnati ba ta da abin ɓoyo na alheri. Wannan ta biyun ban ga laifinta sosai ba, mun ga abin da muka gani.

Washegari da hantsi na jiyo muryar taubashiyata ta katanga, tana gidan maƙwabta. Ashe tun safe take bin gidaje ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa a kan mace sai ta ga ta goge. Wata ta ce mata to yaya za a yi addu'ar in ba a san inda za su ba? Na ji ta daka mata tsawa.

"Allah ne bai san hanya ba sai kin karanta masa? Ni na binne nawa ba tare da na ga gawarsa ba. Goge!"

Da ta shigo gidana na tura mata kwanon koko. Ta sha ta ce ya yi tsami, ko koko ban iya damawa ba sai karatu.

Amma magana zarar bunu ce. Mun goge namu, wa ya san wayoyin da ta kwana a ciki? Alhamis ta zo ta wuce. Gero ya tsiro, aka shiga noman farko, wayar nan tana ɗaure a bakin zanina ko banɗaki zan shiga. Ina duƙe da fartanya ranar da ta yi ƙara. Murya can nesa, tana yankewa.

"Inna, ni ne. Lafiyata ƙalau. Ba zan daɗe ba."

Na zauna a kan kunyar gero na yi kuka kamar ba ni ce mai bakin nan ba. Taubashiyata ta tsallako ta zauna kusa da ni, ta ce in yi a hankali kar in jiƙa gonar mutane ta yi yawa.

Sai da ya zo hutu da kaka na ji sauran. Manyansu sun san takardar ta fita, ko ta hanyar Kofur ko ta wata, shi bai sani ba, ni ma ba na da'awar ni ce. An ɗage tafiyar, an canza hanya. Amma ƙauyen da ke jiran su kawo ɗauki bai same su a kan lokaci ba, kafin su isa an kore shanu, mutane sun watse. Wanda ya ɗauki hoton kuma an tsare shi. Wani matashi ne mai aikin ofis, shi ma yana cikin masu tafiyar, tsoro ya kama shi ya tura wa mahaifiyarsa ita kaɗai, ya ce ta yi masa addu'a. Ita kuma ta tura wa ƙanwarta.

Na so in tsine masa, bakina ya ƙi. Uwarsa nake gani, mace kamata, wataƙila ko karanta abin ba ta iya ba. Har yanzu ina sa shi a addu'a, shi da mutanen ƙauyen nan.

Ranar da ɗana zai koma, ni da taubashiyata muka raka shi bakin titi jiran bas. Ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli a leda, irin wanda take yi wa nata. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Inna, wannan karon za a kai mu can wajen..."

Na zaro ƙuli ɗaya daga ledar na cusa masa a baki.

"Tauna wannan. Wanda zan roƙa ya san wurin."