Ranar da Niƙ Ƙetare Hajiya

"Ɗaga ƙahwa ki ƙetare ta," in ji Hajiya. "In babu komi cikin cikinki, mi kike tsoro?"

Jikata tana kwance bisa tabarma tsakar gidansu, jikinta awa tukunyar da anka sauke yanzu. Ɗiyar ɗiyata ta, ba ta kai shiga lakkwal, makarantar boko, ba lokacin. Hajiya kuwa uwar ubanta ta, ni da ita munka haɗa jika. Matan unguwa sun cika gidan, maza na leƙe ta bisa darni. Ɗiyata ta duƙe wajen turmi, ta ruhe huska da kallabi.

Da sahen ranan sun kai yarinyar wurin majo, mai duba mu ɗan likitan garinmu. Yas soke mata yatsa, yaɗ ɗiga jini bisa 'yar hwarar robar nan ta tes ɗin palu, masassarar cizon sauro. In layi biyu sunka hito, palu na. In guda, babu. Guda yah hito. Majo yac ce doka ta hana shi ba da maganin palu bisa layi guda, yab ba su na sauke zahin jiki, yac ce in ba ta yi sauƙi ba a wuce da ita babban asibitin garin Buza. Ban ga laihinshi ba, har yau ina gaishe shi.

Hajiya ta tad dawo gida da nata hisabi. Tun da likita ya duba bai ga cuta ba, to hannun mutum na. Mutum wa? Wadda tab ba yarinyar hura shekaranjiya. Ni ke nan. Kuma kowa ya san ubana azne na, har yam mutu shina yanka baƙin bunsuru gindin dutsi kahin shibka. Ni na yi salla tun ina amarya, amma ga Hajiya jini ba shi wankuwa.

Nic ce mata, "Hajiya, ni ka cin kurwar ɗiyar da nib binne cibiyarta da hannuna?"

Tac ce, "Ai mayya ta gida taka hwarawa. Ƙetare, ɗiyar azna, rana na yi."

Sunka sa nic cire takalmi da kallabi. Nid dubi ɗiyata, ba ta ɗago ba. Nid dubi yarinyar, idonta ya yi sama. Niƙ ƙetare. Anka ba ni ruwa cikin ludayi nik kurkure baki, sunka ɗura mata. Ni da nike aske ma jarirai, nike wankin gawa a garin nan, ranan kaina ba ruhe gaban maza.

Ko awa ba a yi ba yarinyar tah hwara hizge-hizge, haƙora sun datse. Ban nemi shawarar kowa ba. Nik kama surukina, uban yarinyar, ga wuyan riga, abin da ban taɓa yi ba. Nic ce, "Tashe babur ɗinka." Nig goya yarinyar, munka kama hanyar Dewule, daga can sai Buza.

Can ma sunka yi tes irin na majo, layi guda yah hito. Na gani da idona, don na yi karatun manya bayan haƙorana sun hwara zuba, na san C na san T da anka rubuta bisa robar. Wajen T, inda layin palu ka hitowa, hwari tas. Amma wata mata mai aikin labo, ɗakin duba jini, mai gilashi, tash shahwa jinin bisa ɗan kwalba, tad duƙa ga na'urarta ta leƙe. Ba ta jima ba tac ce a sa ma yarinyar allura yanzu, palu na, mai ƙarhi.

Bayan an ɗaura mata serom, ruwan jijiya, nib bi matar har ɗakinta. Nic ce, "Ɗiyata, robar ku maƙaryaciya ta?"

Tay yi dariya. Tac ce, "Inna, yawanci gaskiya taka hwaɗi. Sai dai ita robar ba ta ganin ƙwayar cutar, wani abu taka nema da ƙwayar ka zubarwa cikin jini. To ƙwayoyin ba uwa guda ba uba guda suke ba. An samu waɗansu da ba su da gadon abin nan, ba su zubar da shi, sai su wuce robar ba ta sani ba."

"Su na cikin jikata?"

"Ban iya rantse miki. Wani lokaci zahin rana na ka lalata robar. Za mu busar da ɗigon jininta bisa takarda mu aika a duba."

Nic ce ta bar ni in gani. Tat taushe min ido guda, nil leƙa da gudan. Ga su nan, 'yan zobba ƙanana rututu, shuɗi-shuɗi. Nic ce musu, "Ku na kunka sa anka cire min kallabi." Matar taz zaci addu'a nike.

Yarinyar tat tashi. Munka koma gida tana cin ƙosai bisa babur. Ni ina cewa magana ta ƙare, ashe sannan taka hwarawa. Hajiya ta riga mu da labari: na ƙetare, na saki kurwa, shi yas sa allura tak kama. Warkewar jikata ita taz zama shaida a kaina. Na hwaɗi zancen labo bakin rijiya, na hwaɗa shi gidan suna, har na zana musu zobban bisa ƙasa da tsinke. Sai su ce, "Haka na, Inna," su ja ɗiyansu baya.

Shekaran nan ba wanda yak kira ni wankin jego. Daddawar da nike kaiwa kasuwa sai baƙi ka saye. Yara in sun hange ni sai su ruhe baki da hannu su ruga. Wadda tah hi yi min ciwo, an hana jikata cin abin hannuna. In ta zo gidana uwarta na biye, tana cewa, "Ta ƙoshi, Inna." Ɗiyar da nih haihwa. Ban yahe ba, kuma ban ɓoye ba. Kowace salla ina roƙon Allah shi ba Hajiya tsawon rai, kada ta mutu ban gama da ita ba.

Damana tad dawo, gero ya kai ƙugu, sauro ya cika gari. Sai nij ji Hajiya ta kwanta. Sun kai ta wurin majo, layi guda. Majo yac ce su wuce Buza kada su tsaya. Ɗanta ya tashe babur, taƙ ƙi hawa. In ta tahi anka leƙa anka ga zobba, ina zancenta na bara? Tak kwanta ɗaki tana shan rubutu da saiwoyi, tana kaɗuwa.

Da hantsi ƙanwarta taz zo ƙohwar gidana, ba ta ko shigo ba. Tac ce, "An ce ki zo ki ƙetare."

Nic ce, "Jira in sa zanen salla."

Nis sa zanena mai kyau, niɗ ɗaura kallabi babba. Ban bi gajeriyar hanya ba. Nib bi ta bakin rijiya, ta gindin iccen bedi inda maza ka zama, ina cewa, "Ku taho, mayya za ta aiki." Sunka biyo ni.

Nic ce a hiddo ta tsakar gida, wurin da anka shimhiɗe jikata. Anka hiddo ta. Ta rame, leɓonta ya tsage, haƙorin Makkan nata na ƙarau-ƙarau.

Nic ce, "Sannu, Hajiya. Wa ka cin ki?"

Taj juya huska wajen darni.

"Kallabi hwa, in cire? Bara kin ce ba shi yi sai an cire."

Tac ce a hankali, "Bar shi."

"A'a, a yi aiki daidai."

Nic cire, nim miƙa ma ɗiyata, nic ce ta riƙe kuma ta ɗago kai wannan karon. Niƙ ƙetare Hajiya, nik komo, nis sake. Ban yi sauri ba. Nik kurkure baki cikin ludayi, nib ba ƙanwarta tad ɗura mata, duk tash shanye. Sannan nij jawo turmi nik kihe shi, niz zamna kusa da kanta.

Surukina yaz zo yad duƙa. Yac ce, "Inna, a bari in kai ta."

Nic ce, "Ni na riƙe ta? Na saki kurwa, kowa ya gani. Mu jira ta tashi ta yi daka."

Munka jira. Rana tat take, inuwar darni tag gudu tab bar ta, anka ja tabarma. Ba wanda yat tahi gona. Ta yi amai, anka share. Jikata taz zo tah hau cinyata, nih hiddo ƙuli daga bakin zane nib ba ta, tac ci gaban uwarta, gaban kowa.

Anka kira azahar. Nit taɓa goshin Hajiya, wuta.

Nic ce, "Ya sauka?"

Tag girgiza kai.

"Na bayan darni ba su ganin kai. Hwaɗi da baki."

"Bai sauka ba."

"To mi ka cin ki?"

Tal lashi leɓonta. Sannan tac ce, "Masassara."

"Bara hwa? Yarinyar ga da take bisa cinyata, mi yac ci ta?"

"Ke dai ba ki da tausai."

"Ba ni da shi. Mi yac ci ta?"

"Masassara."

"Ba ɗiyar azna ba?"

"Ba ke ba ta."

Nic ce ma ƙanwarta ta maimaita da ƙarhi don kurman unguwa. Tam maimaita. Nik karɓi kallabina niɗ ɗaura, nic ce ma surukina, "Ɗauki uwarka. In kun isa ka ce a leƙa jinin, kada ka tsaya ga roba."

Anka ɗora ta bisa babur, tana zamewa. Yac ce sai an samu mai riƙe ta daga baya, duk sunka dube ni.

Nic ce, "Ƙanwarta na da hannu."